Darasi na 7: Farin Ɗigo a Jikin Kifin Ado

Ga masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi a unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango na birnin Accra, ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi yi musu ɓarna ita ce farin ɗigo. Za a ga jikin kifin kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jikinsa da duwatsu saboda ƙaiƙayi, ya daina cin abinci, daga baya ya hau saman ruwa yana haki.

Ƙaramar halitta ce ke shiga ƙarƙashin fatarsa tana ci, kuma muddin tana nan, magani ba ya taɓa ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗa ƙasan akwatin, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, waɗanda ke fitowa suna iyo suna neman kifin da za su kama. A wannan ɗan lokacin kaɗai magani ke kashe su. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, abin da ke ba ni takaici ƙwarai: da zarar ɗigon ya ɓace sai su dakatar da magani, alhali cutar tana kwance a cikin tsakuwa.

Don maganin cutar, a samo gishiri mai tsabta wanda ba a haɗa shi da komai ba, irin gishirin garin Ada na Ghana. A narkar da cokalin shayi 1 ga kowace lita 5 ta ruwan akwatin, wato cokali 5 ga jarkar lita 25, a zuba a hankali. A maimaita washegari da jibi, sannan a tsaya. Kifayen da ba su da ɓawo, dangin tarwaɗa, ba sa jure gishiri sosai, don haka a ba su rabi.

Kowane kwana biyu a zuƙe dattin ƙasa da tiyo, a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Ruwan famfo ya kwana a buɗe tukuna domin sinadarin kulorin ya fita, kuma a sa masa gishiri daidai da na ruwan da aka kwashe. Gishiri ba ya bin tururi, saboda haka ruwan cike gurbin wanda zafi ya ƙafar ba ya buƙatar ƙari. A ci gaba har mako biyu.

Sabon kifi kuwa, a keɓe shi a wani mazubi mako biyu zuwa huɗu kafin a haɗa shi da sauran, kuma kada a yi musu amfani da raga ɗaya.