Yadda Attajiri Ke Mayar da Jirgin Fatauci na Kamun Ganima a 1776

A yaƙin neman 'yancin Amurka, 'yan kasuwa irin su Nathaniel Shaw na New London, a Connecticut, sun ɗora igwa a jiragensu suna tare na Ingila. Ga yadda ake yi a wancan zamani.

Fara da takarda. Tun Maris 1776 majalisar 'yan tawayen Amurka ta halatta wannan sana'a, amma sai da izini a rubuce, mai ɗauke da sunan jirgi, nauyinsa, yawan igwa da na matuƙa. Za ka sa hannu kan lamunin dala 5,000 in jirgin bai kai tan 100 ba, dala 10,000 in ya kai. Wanda ya fita ba takarda ɗan fashin teku ne, hukuncinsa rataya.

Zaɓi jirgi mai gudu, ba mai ƙiba ba. Aikinka kama jirgin kaya, in ka hango na sojan ruwa ka ba wandonka iska. Kada ka zuba dukiyarka a jirgi ɗaya, raba hannun jari da abokai.

Matuƙa ba albashi suke jira ba, kaso ne. A al'ada rabin ganima na masu jirgi, rabi na kyaftin da mutanensa, kuma a rubuta yarjejeniyar kafin a ɗaga anga. Ɗebi mutane fiye da bukata, domin duk jirgin da aka kama sai an ware masu tuƙa shi gida. Bayan kamu uku ko huɗu sai ka ga babu masu cusa albarushi.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan kamu. Kada a taɓa kayan, kada a yar da takardun jirgin. A kai shi tasha tare da kyaftin ɗinsa, kotun harkokin teku ta tabbatar na abokan gaba ne, sannan a yi gwanjo. In ya zama na ƙasar 'yan ba-ruwanmu ne, ku mayar ku kuma biya diyya.

Kada ka tara ganima a sito ɗaya bakin ruwa. Ranar 6 ga Satumba 1781 Benedict Arnold ya jagoranci sojan Ingila suka cinna wa New London wuta, rumbunan kayan Shaw na cikin abin da ya ƙone.