Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran fata da kayan gida a Sakkwato

Duk wanda ya yi bazara ɗaya a Sakkwato ya san cewa fatar mutum a garin nan tana shan wahala iri biyu a shekara. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, zufa ta haɗu da ƙura ta toshe ƙofofin gashi, sa'annan daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ya zo da busasshiyar iska mai tsotse danshin jiki har leɓe ya tsage, diddige ta yi faso. Saboda haka ba laifi ba ne mata da maza su koma ga man kaɗe, da zuma, da lalle, da kurkum, waɗanda iyayenmu suka sani tun kafin mayukan kanti su cika kasuwa. Matsalar ita ce da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa duk abin da ya fito daga gona ko daga kicin ba ya cutarwa, kuma muna son ganin sakamako cikin kwana uku. Mafi yawan ɓarnar da nake gani a fuskokin mutane daga waɗannan biyun take fitowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafa ruwan lemun tsami a fuska domin ta yi haske ko tabo ya gushe. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami nata na halitta, wanda a ma'aunin da masana ke kira pH yake wajen 5, kuma shi ne ke taimaka mata ta riƙe danshi ta kuma kori ƙwayoyin cuta. Ruwan lemun tsami kuwa yana kusa da 2, kuma a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ita ce ta fi tsami, wato ya fi ƙarfin abin da fuska za ta ɗauka kullum. Abin da ya fi wannan muni shi ne akwai wani sinadari a cikin lemun, musamman a ɓawonsa, wanda in ya zauna a fata sa'annan rana ta buge shi sai wurin ya ƙone, wani lokaci har ya yi bororo, bayan ya warke kuma ya bar baƙin tabo da kan yi watanni. Yarinya ta shafa da safe ta fita makaranta cikin ranar Afrilu, ta je neman haske ta dawo da dabbare-dabbare. Gyaran a nan mai sauƙi ne: a matse lemun a cikin ruwan sha ko a kan kwaɗon zogale, inda bitamin C ɗinsa zai yi wa fata aiki daga ciki, a bar fuska ta huta. Haka hukuncin yake ga tafarnuwa, wadda Allah ya hore mana a fadamunmu. Daka ta a ɗora a kan ƙurji a kwana da ita yana ƙona fata kamar an ɗiga mata ruwan zafi.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu wuce gona da iri da kayan da ke da kaifin toka. Sabulun salo sabulu ne mai kyau, yana wanke maiƙo sosai, amma da tokar ɓawon itatuwa ake yinsa, don haka yana da kaifi. Wanda ya goga shi kai tsaye a fuska sau uku a rana, ko ya bar kumfarsa ta bushe a jiki wai don ya shiga, zai ji fatarsa ta ɗaɗɗaure, ya ɗauka tsabta ce, alhali kuwa ya kankare man da ke kare ta ne. Wasu ma har kanwa suke ƙarawa a ciki. Abin da ya dace shi ne a yi kumfar a tafin hannu, a shafa a hankali, a ɗauraye nan take, kuma a lokacin hunturu sau ɗaya a rana ya ishi fuska.

Dilka, wadda muka aro daga Sudan ta kuma zama dole a gyaran amare, tana da amfani in an yi ta da hankali, domin tana cire matacciyar fata ta bar jiki da santsi. Kuskuren shi ne a tara aikin wata guda a mako ɗaya saboda biki ya matso: dilka yau, halawa gobe, turaren jiki jibi, ga soso mai kaushi a kowane wanka. Fata tana ɗaukar kimanin mako huɗu kafin ta sabunta kanta, kuma ba a gaggauta ta da dirza. Baƙar fata irin tamu tana da wata ɗabi'a da ya kamata kowace mai gyaran jiki ta sani: duk inda aka ji mata ciwo ko aka takura ta, sai ta ƙara fitar da launi a wurin. Shi ya sa gwiwa da gwiwar hannu da aka fi dirza suke ƙara duhu maimakon su yi haske, shi ya sa kuma matse ƙuraje ke barin tabon da ya fi ƙurjin daɗewa. Iyayen amarya su fara shiri da wuri, a yi dirza sau ɗaya a mako, a kuma dakata kwana biyu ko uku kafin ranar ɗaurin aure.

Man kaɗe kuwa ba a cika yin kuskure wajen zaɓensa ba, sai wajen lokacin shafa shi. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, aikinsa shi ne ya rufe ruwan da ke ciki kada iska ta kwashe. Idan mutum ya yi wanka da ruwa mai tsananin zafi da asubar hunturu, ya goge jiki tas, ya zauna karin kumallo, sa'annan ya shafa mai, to ya rufe ƙofa ne bayan ɓarawo ya fita. A rage zafin ruwan ya zama mai ɗumi, a tsane jiki sama-sama, a murza man a tafin hannu ya narke, a shafa tun jiki na da lema. Mai faso ya jiƙa ƙafarsa da dare, ya shafa man da kauri, ya sa safa ya kwanta. Wanda fuskarsa ke yawan maiƙo da ƙuraje ya yi hattara da mai mai nauyi a fuska, musamman man kwakwa. Kuma kada a yaudari kai cewa man kaɗe yana tare rana. Malfa, da mayafi, da inuwa tsakanin hantsi da la'asar sun fi shi wannan aikin nesa ba kusa ba.

Sai batun ajiya. Haɗin nono da zuma da kurkum da aka cika roba da shi don a yi mako ana shafawa, a zafin garin nan da yadda wutar lantarki take, ba ya kwana biyu bai lalace ba. A haɗa na shafawa ɗaya, a zubar da saura. Kowane sabon haɗi kuma a fara gwada shi a cikin damtse ko bayan kunne, a jira kwana biyu.

Wannan gwajin ya fi zama wajibi ga baƙin lalle. Lalle na asali ja ne, kuma yana buƙatar sa'o'i kafin ya kama. Wanda yake yin baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci galibi an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda kan sa wasu ƙaiƙayi da kumburi da bororo daidai zanen ƙunshin, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har abada. Haka nan a yi hattara da mayukan da ake sayarwa a robobi marasa suna ana cewa haɗin gargajiya ne. Babu ganye ko saiwar da za ta mayar da baƙin mutum fari cikin mako biyu. In an ga haka, to akwai sinadarin bilicin ko maganin asibiti mai sa fata ta yi siriri a ciki. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kan irin waɗannan mayuka, musamman masu ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda.

Ta fuskar abinci, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke da kayan gyaran fata a tukunya amma muke kashe amfaninsu da hannunmu. Manja yana cike da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma shi ne ke ba shi jan launinsa, amma sai a soya shi har ya yi fari kafin a zuba albasa, amfanin ya tafi tare da launin. Kanwa da ake jefawa a miyar ganye don ya yi laushi tana lalata bitamin C, haka ma barin ganye ya yi ta tafasa. A rage kanwa, a zuba zogale ko alayyafo daf da sauke tukunya, a kuma ci karas da kabewa tare da ɗan mai, domin bitamin A sai da maiƙo jiki ke iya tsotsarsa. Garin 'ya'yan kuka da ake kaɗawa a fura ko a nono, da gwaiba, da mangwaro in ya shigo, duk suna ba da bitamin C da fata ke gina kanta da shi. Wake, da gyaɗa, da ƙwai, da kifin Rima su ne kayan ginin. Abin da ya kamata a rage shi ne sukari, wanda muke zubawa a zoɓo da kunun aya da shayi kamar ba kuɗi aka saye shi ba, domin yawansa yana daga cikin abubuwan da ke tayar da ƙurajen fuska ga masu fama da su.

Kuskure na ƙarshe shi ne a ɗauki cuta a matsayin matsalar kwalliya. Kyasbi da makero ƙwayar cuta ce irin ta naman gwari ke kawo su, ƙazuwa kuma wani ɗan ƙwaro ne da ke shiga ƙarƙashin fata, kuma shi ya sa take bin gida gaba ɗaya. Zuma da man kaɗe ba sa kashe ko ɗaya daga cikinsu. Ƙurjin da ya yi mako biyu yana yaɗuwa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, musamman a ƙafar mai ciwon sukari, ko farin tabon da ba a jin taɓi a kansa, duk na likita ne, ko a asibitin unguwa ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In za a je, a tafi da robar duk abin da ake shafawa, a kuma faɗa wa likita tun yaushe aka fara.