Yadda ake amfani da kalmar "truculent" a inda ta dace

Mai karanta jaridun Ingila da Amurka zai riƙa cin karo da kalmar "truculent", musamman a rahoton kotu, siyasa da wasanni. Sifa ce ta mutumin da ya ƙi bin umarni, kuma ya ƙi cikin tsageranci, fuska a murtuke, yana jiran a tanka masa a yi ta. Ba kalmar hira ba ce. A rubutu ta fi zama, kuma zargi ce, don haka a auna kafin a jefa wa wani ita.

A fara da furuci. Gaɓa uku ce, "trak-yu-lant", nauyin murya a kan gaɓar farko. Wasalin farkon irin na "truck" ne, ba irin na "true" ba, ko da yake babu dangantaka tsakaninta da babbar mota. Wajen rubutu kuma "c" ɗaya ce, ƙarshen "-ent" ne. Masu rubuta "-ant" suna kwaikwayon "defiant" ne, shi ya sa suke zamewa.

Babban aikin shi ne tantance ko halin da ake son bayyanawa ya cancanci kalmar. Abu uku ake nema a tare: akwai wanda ke neman wani abu daga mutumin, mutumin ya ƙi, sannan ƙin nasa ya zo da neman rigima. A ɗauki shaida a gaban alƙali. Lauya ya yi masa tambaya, ya harɗe hannu a ƙirji, ya ce "na riga na faɗa", aka maimaita, ya ɗaga murya ya ce a tambayi wani. Wannan shi ne "a truculent witness". Da a ce ya ƙi amsawa ne cikin natsuwa don yana ganin gaskiyarsa, "defiant" ce ta dace da shi, kuma ita tana iya zama yabo. Da shiru kawai ya yi yana cika yana batsewa, "sullen" za a ce. Wanda kuma taurin kai ne kawai ke damunsa, ba ya faɗa da kowa, "stubborn" ta ishe shi.

Kalmomi biyu ne suka fi rikitar da masu koyo. "Belligerent" daga kalmar Latin ta yaƙi take, "bellum", kuma a dokar ƙasa da ƙasa ita ce sunan ɓangaren da ke cikin yaƙi, saboda haka ana cewa "the belligerents". Ba a yin haka da "truculent". Ba a cewa "a truculent" a tsaya, sai an kawo sunan da take sifantawa. "Pugnacious" kuwa mai son faɗa ne a ɗabi'arsa, ko da ba wanda ya umarce shi da komai. A 2008, lokacin da Brian Burke ya karɓi ragamar ƙungiyar wasan hokin ƙanƙara ta Toronto Maple Leafs da ke Kanada, ya jera "pugnacity", "truculence" da "belligerence" cikin abubuwan da yake so a gani a 'yan wasansa. A filin wasa irin wannan ana iya juya zargin ya koma kirari. A takardar ofis ba ya juyuwa.

A jimla tana zuwa gaban suna, kamar "a truculent teenager" ko "a truculent tone", ko ta biyo bayan "be", "become" da "grow": "He grew truculent when asked for the receipts", wato da aka nemi rasit sai ya fara tsageranci. Idan za a ambaci wanda ake yi wa, sai a sa "towards". Sunan halin "truculence", yadda aka aikata kuma "truculently". Babu aikatau. Wajen kwatanci "more truculent" ake cewa, ba a liƙa mata "-er".

Wani tarkon yana cikin tsofaffin rubuce-rubuce. Kalmar ta shigo Ingilishi a ƙarni na 16 daga Latin "truculentus", mai tushe a "trux", wato mai tsananin mugunta da ban tsoro. Da wannan tsohuwar ma'ana rundunar ruwan Birtaniya ta sa wa jirginta na ƙarƙashin teku suna HMS Truculent, wanda ya nutse a bakin kogin Thames a Janairun 1950 bayan karo da wani jirgin dakon mai na Sweden, mutum 64 suka rasu. Ba wanda zai raɗa wa jirgin yaƙi suna "mai tsiwa". Saboda haka idan aka ga "a truculent tyrant" a littafin tarihi, azzalumi mai zubar da jini ake nufi. A rubutun yau kaifin ya ragu sosai, ta koma kan matashi mai ƙi-faɗi da ɗan siyasa mai yi wa 'yan jarida gatsali.

Wajen mayar da ita Hausa, kada a nace sai kalma ɗaya. Idan mutum ake sifantawa, "tsagera" ko "mai tsaurin ido" sun fi kusa. Idan murya ce ko amsa, "cikin tsiwa" ko "cikin gatsali". "Fitsara" ta fi karkata ga rashin kunya, "kangara" kuma ga wanda ya fi ƙarfin masu tarbiyyarsa, don haka a duba jimlar tukuna. Inda aka rubuta "truculent silence", babu tsiwa tunda ba a yi magana ba, sai a ce ya yi shiru ya haɗe rai kamar mai jiran a taɓa shi.