Yadda mai ba da shawara da ke zaman kansa a Kano zai samu mai duba masa aiki

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ya san a can ba a barin mutum ya yanke shawara shi kaɗai. Akwai zagayen safe, akwai babban likita da zai tsare ka da tambaya, ga nas ɗin da ta kwana da majinyaci tana jiran ka gama ta ce maka ba haka abin yake ba. Ranar da ka kama ɗaki a saman bene a Zoo Road ko Tarauni ka kafa allo da sunanka, duk wannan ya wuce. Kai ne mai sauraro, kai ne mai rubuta fayil, kai ne mai karɓar kuɗi, kuma in ka karkace babu mai gaya maka. Wanda ya zo neman shawara ma ba zai faɗa ba. Mutanenmu akwai kara, sai dai kawai ka ga ƙafarsa ta ɗauke.

Shi ya sa duk ƙani ko ƙanwa da suka zo min da maganar buɗe ofishin ba da shawara ga masu damuwa, nakan ce su nemi mai duba musu aiki tun kafin su sayi kujeru. Zama ne da ake yi a kai a kai da wanda ya riga ka a sana'a, ka baje masa yadda kake tafiyar da mutanen da ke zuwa wurinka, ya yi maka tambayoyi, ku gano inda ka makale. Ƙungiyar masu aikin ba da shawara ta Birtaniya, BACP, ta ɗora wa mambobin da ta tantance aƙalla awa ɗaya da rabi na irin wannan zama kowane wata. A nan gida, Shugaba Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, amma ni dai ban taɓa ganin an ƙwanƙwasa ƙofar wani ofis an tambayi mai shi wa ke duba masa aiki ba. Kai za ka ɗora wa kanka.

A fara da wanda za a zaɓa. Akwai malamai a fannin ba da shawara a Jami'ar Bayero, akwai masana halayyar ɗan Adam da ke ganin majinyata a asibitocin koyarwa, akwai kuma tarukan CASSON, ƙungiyar masu ba da shawara ta Najeriya, inda za ka haɗu da tsofaffin hannu. Kada yawan digiri ya ruɗe ka. Farfesan da ya shekara goma bai zauna da mai kuka a gabansa ba zai ba ka lacca mai kyau, amma ba ita kake nema ba. Ka tambaye shi cikin ladabi ko har yanzu yana ganin mutane, da irin matsalolin da ya fi gani, sannan ka tambaye shi wa ke duba masa nasa aikin. In ya ji haushin tambayar ta ƙarshe, ka yi godiya ka nemi wani. Ka kuma duba irin aikinka: wanda yawancin masu zuwa wurinsa samari ne da tiramol da kodin suka kama, ba daidai yake da wadda ke fama da rikicin aure da safe har yamma ba.

Ka guji ɗan'uwanka, da aboki na kusa, da wanda ke turo maka mutane. Na ƙarshen nan shi ya fi ruɗi, don shi ne ya fi sauƙin samu. Amma yaya za a yi ka gaya wa wanda abincinka ke hannunsa cewa ka rikice da wanda ya turo maka makon jiya?

Wasu na samun mai duba aiki daga Legas ko daga waje ta Zoom. Ba laifi, kuma ta fuskar rufin asiri ya fi. Matsalar ita ce rabin lokacin yakan tafi wajen bayanin mece ce kishiya, me ake nufi da idda, me ya sa mace mai digiri biyu ba za ta iya cewa uwar miji a'a ba. In da so samu ne, Bahaushe ko Bahaushiya da ke Kaduna ko Zariya: ya san al'adar, bai san gidajen ba. Ga 'yan'uwana mata kuma, in namiji ne mai duba aikin, a sa zaman a ofis cikin lokacin aiki ko ta bidiyo, maigida ya san da shi tun farko. An huta da surutu.

In kun daidaita, ku rubuta yarjejeniya, shafi ɗaya ya isa. Rana da lokaci, wuri, kuɗi, abin da za a yi in wani ya kasa zuwa, ko za ka iya kiransa in abu ya taso da dare, da matakin da zai ɗauka in ya ga aikinka na cutar da wani. Sabon hannu ya yi zama sau biyu a wata, wanda ya kwana biyu a aikin sau ɗaya. Maganar kuɗi ce za ta ba ka wahala, don babba a garin nan zai ce, "Haba, ai kai ɗana ne, bar shi kawai." Ka dage. Zaman kyauta shi ne wanda ake ɗagawa saboda ɗaurin aure, a sake ɗagawa saboda ta'aziyya, har azumi ya shigo a ce sai bayan salla. Ni shawarata ka ware kwatankwacin abin da kake karɓa a zama ɗaya ko biyu, ka lissafa shi tare da kuɗin haya da na man janareta. Sannan ku yi magana a fili tun ranar farko cewa kana da damar ka ce "ranka ya daɗe, ban gamsu ba." In ba haka ba, zaman zai koma kai ta gyaɗa kai kana "haka ne, haka ne," ka fito ka ci gaba da abin da ka saba.

Sai babbar magana, wato sirri. Kano gari ne mai miliyoyin mutane, amma da wuya ka zauna da mutum minti goma ba ku gano wanda kuka sani tare ba. Cire suna kaɗai ba ya ɓoye kowa. Ka ce "matar wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ita ce ta uku, 'yar Gwale ce, mijin ya taɓa takara," ai ka gama faɗar sunanta. Ka canza unguwa, ka canza sana'a, ka canza yawan 'ya'ya, ka bar abin da aikin ke buƙata kawai: cewa ba ita ce uwargida ba, shekarunta sun kai kaza, ga abin da ke hana ta barci. Ku kuma yi alkawari cewa da zarar mai duba aikin ya fara zargin ya gane mutumin, zai ɗaga hannu a tsaya, ka kai maganar wani wuri. Shi ma mai neman shawara yana da haƙƙin ya sani. Tun zaman farko nakan ce, "Akwai wata babba a aikin nan da nake shawara da ita don in kyautata miki, ba na faɗar sunanki ko abin da zai sa a gane ki." Yawanci hankalinsu ma ya fi kwanciya. Naɗar murya kuwa sai da izini a rubuce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Kada ka tura labarin kowa ta saƙon murya a WhatsApp. Wayar babban mutum da yamma tana hannun jikokinsa suna kallon katun.

To, me za ka kai zaman? Wanzami ba ya son jarfa. Mu da muke wuni muna sauraron asirin mutane, mu ne muka fi ƙin a leƙa namu aikin, don haka sai ka ga mutum ya zo da labarin wanda ya samu sauƙi, a yaba masa, a sha shayi a watse. An yi asarar kuɗi da lokaci. Wanda za ka kawo shi ne wanda in ka ga sunansa a jadawalin gobe gabanka ke faɗuwa. Da wadda kullum zamanta ke zarce lokaci ka kasa tsayar da ita. Da wanda ya fara kawo maka turare ko yadin shadda, da wadda labarinta ke faɗo maka kana cikin salla. Har da wanda kake ɗokin zuwansa fiye da kima, wannan ma ya fi gaggawa.

Kuma kada ka zo da taƙaitawa. Da zarar mutum ya fita daga ofis, ka zauna ka rubuta wani yanki na hirar kamar yadda ta gudana, abin da ya ce da abin da ka ce, ba gyara. A ce wata ta dube ki ta ce, "Anti, ni dai ki faɗa min, in zauna ko in tafi gidanmu?" ke kuma kika ce, "Ki ƙara haƙuri, komai mai wucewa ne." A taƙaice za ki rubuta cewa kun tattauna batun aure kin ƙarfafa mata gwiwa, ba wanda zai ga komai. Amma in mai duba aiki ta ga maganar yadda take, za ta iya tambaya: wannan haƙurin, ita ta nema ko ke ce kika gaji da jin kukan? Kin tambaye ta ko ana dukanta? Wa take tuna miki a gidanku? Irin waɗannan tambayoyi ake biyan kuɗi a ji. Ka zo da tambayarka kai ma, guda ɗaya takamaimai, ko da "me ya sa nake jin haushin yaron nan" ce.

Wata ƙwararriya 'yar Birtaniya, Brigid Proctor, ta kasa amfanin wannan zama gida uku: ƙara ilimi, tsare ƙa'idar aiki, da farfaɗo da mai aikin kansa. Ina amfani da rabon nan wajen auna zama in an tashi, wanne muka taɓa, wanne muka tsallake. A wurinmu na ukun ne ke shan kashi, don in an tambaye ka ya gajiya, amsar a bakinka take, "Alhamdulillahi, ba gajiya." Mutumin da ya wuni yana jin labarin fyaɗe da saki da shaye-shaye yana da gajiya, kuma in bai sauke ta a nan ba zai sauke ta a kan iyalinsa. Sai dai akwai iyaka. In ya bayyana cewa damuwarka ta kanka ce ta taso, mai duba aiki zai ce ka nemi naka mai ba da shawara daban, ba shi zai yi jinyarka ba.

Wani abu da kusan kowane wata yake shigowa zaman shi ne ruƙiyya. Da yawan masu zuwa wurinmu suna zuwa wurin malam a lokaci guda, wasu ma dangi sun riga sun yanke cewa shafar aljanu ce ko sammu. Yin faɗa da wannan ba ya kai ka ko'ina. Abin da mai duba aiki zai taimake ka da shi shi ne gane lokacin da magana ta fi ƙarfin tattaunawa: mutum na jin muryoyi, ya kwana uku bai runtsa ba yana ta zuba, mai jego ta fara cewa jaririn ba nata ba ne, ko an sa wani ya ajiye maganin asibiti. Nan likitan ƙwaƙwalwa ake nema, kai ba ka rubuta magani. Yadda za ka faɗa wa uba haka ba tare da ya ji ka raina imaninsa ba, shi ma abin gwadawa ne a zaman, kai ka zama uban, mai duba aikin ya zama kai.

In kuɗi ya yi wuya, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku riƙa duba wa juna. Akwai tsarin da Michael Balint ya fara da likitoci a Landan a shekarun 1950: mutum ɗaya ya ba da labari, sai ya ja baya ya yi shiru yana sauraron sauran suna tattaunawa. Yana aiki sosai. A naɗa mai kula da agogo, abinci kuma sai an tashi, in ba haka ba za a ƙare a hirar tsadar mai. Ku tuna kunnuwa sun ƙaru, don haka ɓoye kamanni ya ƙaru. Ga wanda bai shekara biyu da farawa ba, wannan ƙari ne, ba ya maye gurbin zama da babba.

Abu uku ba sa jiran ranar zama: wanda ya ce zai kashe kansa ko wani, yaron da ake cuta, da wadda aka yi wa fyaɗe. Ka kira mai duba aikinka a ranar, kuma lambobin sashen gaggawa na Malam Aminu Kano, da Dawanau, da cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe da ke Asibitin Murtala su kasance a rubuce a cikin durowarka tun kafin buƙata ta taso. Bayan kowane zama ka rubuta kwanan wata, abin da aka tattauna da abin da aka yanke, ba suna, a littafi daban da fayil ɗin mutane, ka kulle. Duk wata shida ku ware rabin awa ku duba zaman kansa. In ka lura ka fara tace abin da kake faɗa don tsoron faɗa, ko shi ke cinye lokacin da labarin kansa, ko ka taɓa jin ya kawo sirrin wani abokin aiki a gabanka, ka yi masa godiya, ka kai masa goron sallama, ka nemi wani.