Kurakuran da muke yi da injin ɓarzar itace, tun daga soket har gindin mangwaro

Duk mai ɗan fili a gida nan Kumasi ya san wannan wahalar. Ka sare rassan mangwaro don sun kusa taɓa wayar wuta, ka rage dogon yaro, ka aske shingen fulawa, kafin la'asar tsakar gida ta koma daji. Da can hanya biyu ce, ko ka kira mai aboboya, wato babur mai taya uku na ɗaukar kaya, ka biya shi ya kai bola, ko ka bari sai dare ka cinna wuta hayaƙi ya cika ɗakin maƙwabta, da safe ka gaida mutum ya amsa maka da ƙyar. Shekara 3 kenan da na sayi injin ɓarzar itace na lantarki, irin ƙaramin nan mai taya biyu, kana zura reshe ta sama yana zubowa ta ƙasa gutsi-gutsi kamar tsaki, sai ka kwashe ka shimfiɗa a gindin shuka ya rufe ƙasa, laima ta daɗe, ciyawa ta ragu. Kafin in gane kansa na sha wuya, kuma yanzu da mutanen layinmu a Asokore Mampong suke zuwa aro ina ganin abin da na yi shi dai kowa yake maimaitawa.

Bari in fara da wuta don nan ne kuɗi suke saurin ƙonewa. Wutar Ghana bolt 230 ce, ta Amurka 120. To da yawa cikin injunan da ake gani wajen masu kayan hom yus, wato na hannu daga ƙasar waje, daga Amurka suka zo, mutum ya ga araha ya ɗauka bai duba ƴar takardar da ke manne a jikin motar injin ba, ya je gida ya sa adafta ya jona, ƙara ɗaya sai warin ƙuna. In ka ga an rubuta 120V ka ajiye musu kayansu. Wani zai ce ai akwai taransifoma, eh akwai, amma injin da ke cin amp 15 a kan 120 wat 1800 kenan, wannan ƴar taransifomar da ake jona kilifar aski ba za ta ɗauka ba, kuma kuɗin babbar ya kusa sayen wani injin. Nemi wanda ya zo daga Ingila ko Jamus. Na Jamus fulog ɗinsa ƙafa biyu ne zagayayyu, don Allah kar ka yi dabarar nan tamu ta tura biro a ramin sama a cusa shi da ƙarfi, ka ba mai gyaran wuta ya canza maka zuwa mai ƙafa uku irin namu.

Sai waya. Yawancin na gida wat 2000 zuwa 2800 ne. Ɗauki mai 2500, ka raba da 230, amp 11 kenan kusan, kuma fiyus ɗin da ke cikin fulog ɗinmu 13 ne iyakarsa. Kaga babu wurin da ya rage wa firiji ko ayan a kan wannan layin. Ni ranar farko da ekstenshan ɗin da muke cajin waya na jona, siririya kamar taliya, minti goma ban yi ba robar ta fara laushi, uwargida ce ta jiyo warin daga kicin ta leƙo tace maigida wani abu na ƙonewa fa. Waya mai kauri ake nema, a ce mai lamba 1.5 in nisan kaɗan ne, in za ta yi tsawo har bayan gida a sayi 2.5, kuma in irin mai naɗi ce a warware ta gaba ɗaya ko da rabi kawai ake buƙata, don wadda take a naɗe zafi take tarawa. Ranar da wuta ta zo da rauni, ka ga fanka na juyawa kamar ba ta so, injin zai yi ta gurnani ba ya tashi, kashe shi kawai ka haƙura. In kuma dumso, wato ɗauke wuta, ya same ka ana tsakar aiki, kashe, cire fulog, zaro reshen da ke bakinsa, kar wuta ta dawo ya tashi da kaya a baki. Ƙaramin janareta ma kar ka gwada, lokacin tashi mota tana jan wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinta. Ruwan sama kuwa ba sai na faɗa ba, ko yayyafi ne a shiga da shi.

Yanzu babban kuskuren, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Mutane suna ɗaukar injin nan kamar bola, duk abin da tsintsiya ta taro a juye masa. A jikin kwali za ka ga an rubuta yana cin reshe har milimita 40 ko 45, amma wannan ɗanyen reshe ake nufi mai laushi kuma miƙaƙƙe. Busasshen dogon yaro ko gwaba mai wannan kaurin sai dai ya tsaya cak. Ni ma'aunina yatsu biyu ne, duk abin da ya fi yatsuna biyu kauri ba na ba shi, gefe nake tarawa, akwai wata baiwar Allah mai sayar da wake da shinkafa a bakin layi, itacen girki ne a wajenta, har ƙarin taliya da kwai nake samu. Reshe mai ƴaƴa ko mai gwafa ka sa adda ka rage masa tukuna, ka fara zura gindin mai kauri, sannan ka bar injin ya ja da kansa. Kunnenka ne zai gaya maka, in ƙarar ta fara sauka ta yi nauyi ja baya kaɗan ya dawo da numfashinsa sannan ka ci gaba. Masu dannawa da ƙarfi don a gama da wuri su ne suke wuni suna kwance inji.

Abin da ya fi ba mu matsala a nan kudu shi ne kayan ruwa da kayan zare. Kututturen ayaba da na agade ruwa ne zalla da igiya, ka zura shi sai ya koma kamar kunu ya toshe mafita, zaren kuma ya naɗe a jikin ƙarfen da ke juyawa. Ganyen kwakwa, na manja ne ko na sha, shi ma haka, tsinkayen ba sa yankuwa sai dai su nannaɗe. Icen gwanda ma laɓo-laɓo ne. Waɗannan duk adda ce maganinsu, ka daddatsa ayabar da hannu ka jera a gindin wata ayabar, da kanta za ta ruɓe. Ɗanyen ganye mai yawa irin na mangwaro da aka sare yau, bar shi ya kwana ɗaya ko biyu ya yi yaushi, kuma kana ba shi ganye kana bi da sanda, ganye, sanda, haka, sandar ce take share masa maƙogwaro. Ina ajiye busassun sanduna biyar ko shida sirara sai ƙarshe in wanke cikinsa da su kafin in kashe.

Ganyen da aka share daga ƙasa kuwa sai ka bi shi da ido. Tsakuwa, yashi, murfin kwalba, ƙusa, guntun waya, da uwa uba robar piya wata da babu tsakar gidan da ba ta. Tsakuwa ɗaya ta isa ta ci bakin wuƙa, robar kuma in ta shiga ta yayyage cikin abin da za ka zuba wa shukarka shikenan ba mai iya tsince ta. Ciyawar da aka tumɓuke da saiwa a kakkaɓe jar ƙasar nan tukuna. Guntayen katako daga wajen kafinta masu fenti ko maganin gara, kar su shiga, ba abin da za ka so a gindin barkononka bane.

To ya toshe, me za a yi. Kashewa kaɗai ba ta isa ba, a cire fulog daga bango, kuma a jira ya tsaya tsit don faifan wuƙar yana ci gaba da juyawa bayan an kashe. Sannan a kwance murfi a sa sanda a ƙwaƙulo, ba yatsa ba. In naka irin mai haƙori ne da ke juyawa a hankali yana murƙushe itace, wannan yana da maɓallin komawa baya, danna shi ya tofo abin da ya haɗiya. In ya mutu da kansa ana cikin aiki, galibi ba lalacewa ya yi ba, akwai ɗan maɓallin da ke katse wuta in mota ta yi zafi, ba shi ƴan mintuna ya huce ka danna. Wani maƙwabcina dattijo ya aiko yaro da sassafe wai injin ya mutu a hannunsa, na je na same shi duk ya damu, nace Baba Alhaji kwantar da hankalinka, ashe sukurun murfin ne bai ɗaure har ƙarshe ba, kuma an yi shi ne yadda in murfin bai zauna ba ba zai tashi ba. Yace to ɗana ba za a iya haɗa wayar kai tsaye a huta ba? Nace Baba wannan sukurun shi ne tsakanin hannunka da wuƙa, a bar shi yadda yake.

Kaya ma abin dubawa ne, mu da muke son jallabiya da babbar riga. Hannun riga mai faɗi, mayafi, carbi a wuya, duk reshe na iya kamawa ya ja. Ƴar shat da wando, takalmi rufaffe ba silifa ba, safar hannu wadda ta kama hannu, da gilashi a ido don dogon reshe in ya shiga yana bulala hagu da dama, ni ya taɓa zabga min a kumatu. Irin mai wuƙa yana da ƙara sosai, toshe kunne, kuma a duba lokaci, ba bayan asuba ba, ba lokacin da ake huɗuba a masallacin layi ba. Da hunturu in kana ɓarzar busasshen abu ɗaura ƙyalle a hanci, ƙurar dogon yaro har ɗacinta za ka ji a baki. Yara kuwa a kora su nesa, abin yana ba su sha'awa.

Wuƙa in ta dakushe za ka gane, injin ya daina jan reshe da kansa, abin da ke fitowa ya zama dogayen zaruruwa maimakon gutsattsari. Kafin ka fita neman sabuwa kwance ka duba, da yawansu baki biyu gare su, juyawa kawai za ka yi. In duka biyun sun ci ka kai Magazin, wajen makanikai a Suame, a wasa maka, amma ka tsaya a kai, kace a bi yadda bakin yake tun asali kuma a ci su daidai wa daida, in ɗaya ta fi ɗaya nauyi injin rawa zai dinga yi. Bayan aiki a goge ƙaron mangwaro a ɗan shafa mai, laimar garin nan ba ta wasa da ƙarfe.

Saura shimfiɗawa, kuma a nan ma ana ɓata aikin da aka sha wuya a kai. Na ɗaya, tula shi a jikin bishiya kamar an yi mata kabari. Ɓawon bishiya ba ya son zama cikin laima, ruɓewa yake, ga gara ta samu tsani. Bar tazarar tafin hannu ko fiye tsakanin jikin itacen da shimfiɗar, kaurinta kuma santimita 5 zuwa 8, wato kamar yatsu huɗu, in ya yi tudu da yawa kunama da maciji sun samu ɗaki. Ka cire ciyawa tukuna, ka jiƙa ƙasar sosai sannan ka rufe, in ka rufe busasshiyar ƙasa ɗan ruwan bokitin da kake zubawa a sama zai tsaya. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen ruwan Oktoba zuwa Nuwamba kafin hunturu ya shigo ya tsotse ƙasa.

Na biyu, wanda ya ci min barkono da tumatir shekarar farko, na ɗauki fartanya na cakuɗa ɓarzajjen itacen cikin ƙasa wai taki. Sati uku ganye ya koma rawaya. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke ruɓar da itace suna buƙatar sinadarin naitirojin, in ka binne shi sai su kwashe wanda shukar za ta ci. A sama ake barinsa. In taki kake so sai ka tara shi gefe ka gauraya da kashin kaji ko na awaki, kana yayyafa ruwa kana juyawa har ya yi baƙi ya daina zafi. Kar kuma ka ɗure ɗanyensa a buhu ka ƙulle baki, kwana kaɗan zai yi tsami yana wari kamar ruwan kanwa da ya lalace, in ka zuba wa ƙananan shuka a haka ƙona su yake, sai an baza shi ya sha iska. Inda ka yafa irin alayyafo ko ayoyo ma kar ka rufe sai sun fito sun yi ƙarfi. Reshe mai cuta, da dogon yaro mai ƴaƴa, da ciyawar da ta riga ta yi iri, waɗannan a kai su bola, in ba haka ba da hannunka ka shuka su.

Gara ba za ka hana ta zuwa ba a ƙasar nan, abin da za ka yi shi ne kar shimfiɗar ta taɓa bangon ɗaki ko katakon ƙofa, bar fili a tsakani yadda za ka ga hanyarta in ta fara gini. In gidanka gangare ne kamar yawancin gidajen Kumasi, yi ɗan kunya da ƙasa ko ka jera bulo a gefen ƙasa, in ba haka ba ruwan Yuni ɗaya zai kwashe komai ya kai gota, maƙwabcin da ka raba da hayaƙi kuma ka toshe masa magudana. Kaji su ne suka fi ba ni ciwon kai, na Mma ne ba halin in yi magana, da safe sai in tarar sun tone komai sun watsa har bakin famfo. Ganyen kwakwar nan da injin ya ƙi ci shi nake jerawa a sama in danne da dutse biyu, tun daga nan suka koma tonon bayan kicin.