Yadda na raba kwamfutar ƙanwata da firoksin ofis

Ƙanwata ta bar aiki a wani ofis da ke Kakuri, suka sayar mata da laftof ɗin da take aiki da ita. An cire mata dokokin sadarwar ofishin, amma Chrome ya ƙi buɗe komai, sai neman tsohon firoksi yake yi, wato sabar ofishin da ake bi ta kanta kafin a shiga intanet. Har na zargi datarta, ashe ba ruwanta.

Na leƙa chrome://policy, shafin da ke nuna dokokin da aka ɗora wa Chrome, wayam. Matsalar ita ce wasu dokokin Windows kan rubuta saitinsu cikin rajista, wato ma'ajiyar saitin Windows, ko an cire su rubutun na nan daram. Na buɗe regedit, manhajar gyara rajista, ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER na bi Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Internet Settings, na mayar da ProxyEnable zuwa 0, na goge ProxyServer da AutoConfigURL, sannan na sake kunna kwamfutar.

"Yaya, ta buɗe!" in ji ta, shayina ko hucewa bai yi ba.