Kafin ka saki tsohuwar motarka ka ɗauki mai buɗe baya

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga mai neman ƙaramar mota mai buɗe baya ta hannu, ni dai shawarata Toyota Matrix ko Pontiac Vibe. Kusan mota ɗaya ce, suna da bodi ne suka bambanta. Mai injin 1.8 irin na Corolla ne a cikinta, don haka duk bakaniken da ke Katsina ya san kanta, kayan gyara kuma ba sai an aika Kano ba. Sau da yawa Vibe ta fi sauƙin kuɗi, saboda mutanenmu tambarin Toyota suke saye.

Golf 3 akwai ƙarfi, amma yawancinsu sun sha lodi a hanyar Jibiya, sun gaji.

Ka je da sassafe, kafin mai ita ya tayar da injin. Injin mai sanyi ba ya ɓoye aibi: in ka ga hayaƙi shuɗi a salansa, tana shan baƙin mai. Buɗe murfin lagireto tun da sanyi, in ruwan ya yi kamar kunu, haƙura kawai. Ɗaga kafet ɗin baya ka duba wajen safaya, nan ake gane wadda aka taɓa bugawa. Kuma ka tafi da bakanikenka, kada ka dogara da na dillali.

Sai takardar kwastan. In 'yar Kwatano ce, a tabbatar lambar chassis ta dace da ta takarda kafin kuɗi su bar hannunka, don shingen kwastan ba ya ƙarewa a hanyoyin nan namu.